Katakon Dekin: Abin da Muka Fi Rainawa a Gini, a Ƙasar da Itace Ya Yi Ƙaranci

A ƙarshen watan Maris na kwana biyu a Kalmalo, wajen wani ɗan'uwana da ke gina shaguna biyu. Rufin kankare yake so, wato dekin, don in Allah Ya hore wata rana ya ɗora bene. Ya nuna mini takardar lissafinsa. Siminti ya sayi mai kyau, rodi har Sakkwato ya je ya zaɓo da kansa, tsakuwa an sauke masa tifa guda. Da na zo kan layin katako sai na ga an rubuta wani ɗan kuɗi a can ƙasa, kamar an tuna da shi ne bayan an gama lissafi. Na tambayi kafintan da zai ɗaure dekin ɗin, wani dattijo mai fara'a da ya daɗe a sana'ar. Ya yi dariya ya ce, "Malam, katako ai ba shi zama cikin gini. Kwana kaɗan za a ɓamɓare shi. Mi za a kashe mashi kuɗi?"

Na ce, "Baba, in ya lanƙwashe fa ranar zubi?" Ya ce in sha Allahu ba zai lanƙwashe ba.

Wannan magana tasa ita ce nake son in yi wa suka a yau, domin ba shi kaɗai ke da ita ba. Mai gida ma haka yake gani, birkila ma haka, har da wasu da suka yi karatun gini. Ana ɗaukar katakon da ake kafawa a zuba kankare a ciki, wanda zan riƙa kira mazubi, a matsayin abin wucin gadi da ya dace a tsuke wa aljihu. Ni kuwa a ganina a nan ne gini yake samun siffarsa da rabin ingancinsa, kuma a nan ne ranar zubi rayukan leburori suke rataye.

Mu fara da nauyi, tunda shi ne ido ba ya gani. Ɗanyen kankare, mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, yana kai kilo 2,400. Ruwa mai wannan yawan kilo 1,000 ne kacal. Ɗauki shago mai mita 4 a kowane gefe, a zuba masa dekin mai kaurin santimita 15. Kankaren da zai hau kan katakon ya kusa tan 6, kwatankwacin buhun siminti 115 a jibge wuri guda. Ba mu sa nauyin leburori goma da ke hawa da sauka ba, ba mu sa baro ba, ba mu sa jijjigar da ake yi in an juye kwano daga sama ba. Duk wannan, a ranar farko, rodi bai ɗauki ko kilo ɗaya ba, siminti ma bai ɗauka ba. Katako da sanduna ne ke riƙe da komai.

A fila kuwa lamarin ya sha bamban. Kafin ya kama jikinsa, kankare ruwa-ruwa ne, yana tura bangon mazubi ta gefe kamar yadda ruwa ke tura jikin tanki, kuma turin yana ƙaruwa ne da zurfi. In aka cika fila mai tsawon mita 3 a tashi ɗaya, turin da ke gindinta ya kai tan 7 a kan kowace murabba'in mita. A fila mai faɗin inci 9, wannan yana nufin ƙafa ɗayan da ke can ƙasa na kowane falanki tana shan turin kusan rabin tan. To ka duba yadda ake ɗaure fila a wurarenmu: ƙusa uku ko huɗu da 'yar waya, kuma tazarar ɗaurin iri ɗaya daga sama har ƙasa, alhali ƙasan ne ke buƙatar ɗauri kusa-kusa. Shi ya sa za ka ga fila ta yi tumbi a gindi, birkila ya zo da kurfi da guduma yana sassaƙe ta har rodi ya leƙo.

Falanki, da abin da rana ke yi masa

Abin mamaki a yankin Illela shi ne siminti a kusa yake. Masana'antar Kalambaina da ke bakin Sakkwato ta fara aiki tun 1967, yanzu tana hannun BUA, kuma tsakaninta da Illela bai kai kilomita 100 ba. A tsallaken iyaka, gabas da Birnin Ƙonni, ga ta Malbaza. Yashi da tsakuwa ma ba daga nesa suke ba. Falanki kuwa sai ya taso daga dazuzzukan kudu, irin su Ondo da Edo, ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci a bayan tirela, kowane tashin farashin gas yana hawa kansa. Wato kayan da muka fi yi wa riƙon sakainar kashi yana cikin waɗanda suka fi wahalar zuwa.

Irin falankin da ake sayowa don dekin shi ne mafi arha, fari mai laushi, sau da yawa ɗanye. Sunansa a kasuwa inci ɗaya ne kauri, inci goma sha biyu faɗi, amma ka sa awo ka gani. A nan akwai wani lissafi da ya kamata kowane mai gini ya sani. Juriyar falanki ga lanƙwasa ba ta tafiya kai-tsaye da kaurinsa, tana bin kaurin ne a ninka shi da kansa sau uku. Falankin da ya kamata ya zama milimita 25, in aka yanka shi 20, a ido ɗan kaɗan aka rage, amma rabin taurinsa ya tafi. Tazarar katakan da ke tallafe da shi ta ƙasa ta fi wannan tsanani: in aka buɗa ta daga santimita 40 zuwa 60 don a rage sayen katako, lanƙwasar za ta ninka sau biyar. Haɗa waɗannan biyun, ka samu dekin mai ciki. Kuma dekin mai ciki yana cin kankare fiye da lissafi, daga baya ya ci filasta mai kauri don a ɓoye aibin. Kuɗin da aka tsira da shi wajen katako, siminti ya cinye shi sau biyu.

Sai kuma yanayi. Ɗanyen falanki da ya baro damshin kudu ya iso Illela a cikin hunturu ko bazara, inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, cikin kwanaki zai tsuke, ya murɗe, ya buɗe tsakaninsa da ɗan'uwansa. Kafinta ya jera su ranar Litinin a matse, kafin a gama ɗaurin rodi ranar Alhamis yatsa yana shiga tsakani. Ranar zubi, abin da ke zurarewa ta waɗannan kafofi ba ruwan banza ba ne, ruwan siminti ne, wato ainihin abin da ke haɗa yashi da tsakuwa. Abin da ya rage a wurin sai tsakuwa tsirara mai ramuka kamar saƙar zuma. Ta nan iska da damshi ke samun hanya zuwa ga rodi, ya yi tsatsa, tsatsar kuma tana kumbura fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi, sai ta fasa kankaren daga ciki. Wanda ya taɓa ganin silin kankare yana zubo da ɓawo, rodi ja a fili, ya ga ƙarshen wannan labarin.

Busasshen falanki kuma yana da ƙishirwa. In ba a jiƙa shi sosai ba kafin zubi, zai tsotse ruwan fuskar kankaren, fuskar ta fito tana garin ƙura in ka shafa. Wani ɗanyen itacen ma yana da sukari a cikin ruwansa, sukari kuwa yana hana siminti kamawa da wuri. Maganin waɗannan ba tsada gare shi ba: a jiƙa katako tun daren jajibiri, a toshe kafofi, a shimfiɗa leda in da hali. Kafintoci da yawa sun san haka, kuma in an ba su lokaci suna yi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne shafa baƙin man inji da aka juye daga mota. Gaskiya ne yana hana katako mannewa, amma yana ɓata fuskar kankare har filasta ta ƙi kamawa, in ya taɓa rodi yana rage riƙon da ke tsakaninsa da kankare, kuma yaron da ke shafa shi da tsumma hannu tsirara ba gata aka yi masa ba.

Sandunan tokare

Duk abin da na faɗa a sama hasarar kuɗi ce da inganci. Inda ake rasa rai shi ne ƙarƙashin dekin, wajen sandunan da ke tokare da shi.

Sandar da aka ɗora wa nauyi a tsaye ba murƙushewa take yi ba, lanƙwashewa take yi ta gefe, farat ɗaya, ba sallama. Masanin lissafin nan Leonhard Euler ya fitar da ƙa'idar wannan tun 1744, kuma ƙa'idar ba ta da wuyar fahimta. In tsawon sanda ya ninka biyu, nauyin da za ta iya ɗauka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. In kaurinta ya ragu da rabi, nauyin ya koma kashi ɗaya cikin goma sha shida. Wato sanda mai kaurin santimita 5 ba rabin mai santimita 10 ba ce wajen ƙarfi, sai ka tara goma sha shida irinta. Wannan lissafin ma na miƙaƙƙiyar sanda ce. Karkatacciya, irin reshen dogon yaro da ake sarowa, ta riga ta fara lanƙwasa tun kafin a ɗora mata komai.

Amma ƙa'idar tana da albishir a ɗaya ɓangaren. In aka gicciya katako a tsakiyar sandunan aka ɗaure su da juna ta ɓangarori biyu, har ɗaurin ya dangana da bango, to kamar an raba tsawon kowace gida biyu ne, ƙarfinta ya ninka har sau huɗu. 'Yan katakai kaɗan da ƙusa ke nan. Ka leƙa ƙarƙashin dekin goma da ake shirin zubawa, ka ƙirga nawa ne aka yi wa wannan gicciyen. A shagunan ɗan'uwana babu ko ɗaya. Abin da na tarar shi ne sanduna uku da ba su kai tsawo ba an yi masu ƙari da guntun katako da ƙusa, wasu kuma an ɗora su a kan bulo biyu a bisa yashi. Ranar zubi ruwa zai yi ta zuba a wannan yashin, bulon ya nutse ko da yatsa ɗaya ne, nauyin sandar ya koma kan maƙwabtanta, su ma su miƙa wa na gaba. Haka dekin ke zubewa, ba don siminti ya yi kaɗan ba. Gindin kowace sanda falanki mai faɗi yake so a kan ƙasa dandaƙaƙƙiya, da 'yan katakai biyu masu tsini da za a buga a daidaita tsawo.

Akwai kuma tambayar daga ina sandunan suke fitowa. In aka jera su a tazarar santimita 60, shago ɗaya mai mita 4 zai ci sanda kusan hamsin. Jihar Sakkwato tana cikin jihohin da ke bakin hamada, waɗanda shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya shafa. Ana dasa dogon yaro da turare don tare iska, mu kuma muna sare matasansu daidai lokacin da suka miƙe, mu tokare dekin na sati uku, daga nan su tafi murhu. Ba cewa nake kada a sari itace ba. Ruwan da ke cika tafkin Kalmalo daga kwarin Majiya na Nijar yake gangarowa, kuma a wannan kwarin ne tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro don kare gonaki daga iska, tare da ƙungiyar CARE. Da itatuwan suka girma, sai aka riƙa sare rassan sama bisa tsari, ana sayar da sandunan, kututturen yana sake tohowa. Sanda amfanin gona ce in an noma ta. Matsalarmu ita ce muna cinye ta kamar ba za ta ƙare ba, kuma a aikin da ƙarfe zai yi sau ɗaruruwa.

Kankare ba bushewa yake yi ba

A nan harshenmu ma ya taimaka wajen ruɗa mu. Muna cewa "dekin ya bushe, a cire katako." Kankare ba da bushewa yake ƙarfi ba. Siminti yana haɗuwa ne da ruwa, su rikiɗe su zama wani sabon abu mai kama da dutse, kuma wannan haɗuwar tana ɗaukar makonni. Ana auna cikakken ƙarfinsa ne a kwana 28, a kwana 7 kuwa yakan kai wajen kashi biyu cikin uku. In ruwan ya gudu da wuri, aikin ya tsaya a inda ya kai. Saboda haka dekin da ya yi fari fat a rana ta uku cikin iskar hunturu ba ƙarfi ya yi ba, ƙishirwa ce ta kama shi. Mazubi yana cikin abubuwan da ke tsare masa wannan ruwan. Filar da aka tuɓe wa katako washegari aka bar ta tsirara a ranar Illela, ba buhun da aka jiƙa aka naɗe ta da shi, ba leda, an cuce ta.

Me ke sa a yi gaggawar cirewa? Ƙarancin katako. An sayi na shago ɗaya, ana son a mayar da shi shago na biyu. Ka ga rowar da aka yi tun farko ita ce ta haifi gaggawar.

Duniya ta biya wannan darasin da tsada. A ranar 2 ga Maris 1973, a Bailey's Crossroads da ke jihar Bajiniya ta Amurka, wani sashe na dogon benen da ake ginawa ya rufta tun daga sama har ƙasa, mutum 14 suka mutu, bincike ya nuna an cire tokare kafin kankaren ya yi ƙarfi. A ranar 24 ga Nuwamba 2016, a tashar lantarki ta Fengcheng a ƙasar Sin, mutum sama da 70 suka rasu a kan irin wannan kuskuren na cire mazubi da wuri. Waɗannan manyan kamfanoni ne masu injiniyoyi. A wajensu sanyi ne ya jinkirta kankaren. Mu namu akasin haka ne, zafi yana sa ya kama da sauri, har ya ruɗi mutum, alhali bushewar da ke biyo baya tana rage ƙarfin da zai kai a ƙarshe.

Ga ma'auni daga ƙasa mai zafi irin tamu. Ƙa'idar kankare ta Indiya, IS 456 ta shekarar 2000, ta ce ana iya cire katakon gefen fila bayan awa 16 zuwa 24. Tokaren dekin da faɗinsa bai wuce mita 4.5 ba sai bayan kwana 7, in ya wuce haka kwana 14. Tokaren bim kwana 14, in tsawonsa ya haura mita 6 kwana 21. Amma wannan da sharaɗin ana ba kankaren ruwa yadda ya kamata, kuma siminti ne tsantsa. Yawancin simintin buhu da ke kasuwarmu akwai garin farar ƙasa a cikinsa, kuma akwai mai lamba 32.5 akwai mai 42.5, ga harafin N ko R a gefe, R ɗin na nufin mai saurin yin ƙarfi. Ga shi kuma da shebur muke awo, ruwa kuwa sai yadda mai kwaɓi ya ga dama. Don haka injiniyan da ya ce a bar tokare sati uku ba tsoro ne ya yi masa yawa ba.

To me za a yi amfani da shi?

In ka buɗe littafin koyar da gini, ko ka saurari masu bayani a intanet, jeri za su ba ka: katako, filawud, ƙarfe, alminiyom, roba, kowanne da amfaninsa da illarsa, a ƙarshe a ce ƙarfe ya fi don ana maimaita shi. Wannan jerin ma ina da ja a kansa. Bai yi ƙarya ba, amma ya tsallake tambayar da ta fi muhimmanci a wurinmu: wa ke da kayan?

A Illela, kamar yawancin garuruwanmu, mai gida ke sayen katako, kafinta kuɗin aikinsa kawai yake karɓa. Mai gida sau ɗaya zai zuba dekin, wataƙila a rayuwarsa gaba ɗaya. Ka ce masa allon filawud mai baƙar fuska, wanda 'yan kasuwa ke kira marin bod, za a iya amfani da shi sau goma, sai ya ce da kai sauran taran a gidan wa? Kafinta kuwa, tunda ba kayansa ba ne, ba abin da zai sa ya ɓamɓare a hankali. Da ƙarfen ɓamɓara zai shiga, rabin falankin ya tsage. A ɗauka allo mai kyau ya ninka falanki sau uku a farashi, amma ana zubi goma da shi, falanki kuwa biyu. A kowane zubi allon ya fi arha nesa ba kusa ba. Sai dai wannan ribar ba ta da mai ita, don haka ba wanda ke bin ta. Matsalar tsari ce, ba ta jahilci ba.

Marin bod ɗin ma a yi hattara. Sunan na allon jirgin ruwa ne, amma yawancin abin da ake sayarwa da wannan suna allon zubi ne da ake shigowa da shi, galibi daga Sin, kuma ingancinsa ya dangana ga gam ɗin da aka manna shi da shi. Mai arhar, ruwa na shiga ta bakinsa sai ya kumbura ya rabu falle-falle a zubi na biyu. Duk inda aka yanka, a shafe bakin da fenti. Alminiyom da roba kuwa na masu gina gidaje ɗaruruwa iri ɗaya ne, ba su da alaƙa da mai shago biyu a Kalmalo, mu wuce su.

Ƙarfe ba baƙo ba ne a wurinmu. Mazubin bulo na ƙarfe ne. Zoben kankare da ake jerawa a rijiya da na kwalbati a mazubin ƙarfe ake zuba su, kuma ba wanda ya taɓa cewa a yi su da falanki, don mai su yana zubi kullum. Girman fila da linta a gidajenmu kusan ɗaya ne ko'ina, inci 9 ko inci 6, daidai da bulo. Mai walda a Illela zai iya haɗa mazubin fila da falalen ƙarfe da 'yan kusoshi masu noti, ya riƙa ba da haya kamar yadda ake hayar injin kwaɓi ko kujerun biki. Haka tokaren ƙarfe mai zare, wanda ake kira akro, da wani mutumin Suwizalan mai suna William de Vigier ya fito da shi a Landan a 1935. Ana murɗa shi a daidaita tsawo, ba ƙari da ƙusa, ba ɗora shi kan bulo. Illarsa a nan zafi ne: farantin ƙarfe da ya wuni a rana yana ƙona hannu, yana kuma gasa fuskar kankare, sai a yi zubi da sassafe ko da yamma, a yayyafa masa ruwa tukuna. Kuma kafintan da zai mallaki kayansa yana bayar da haya zai fi samu, ba rasa sana'a zai yi ba.

Akwai hanyar da ta fi wannan, kuma 'yan kilomitoci kaɗan ne tsakaninmu da ita. A Ƙonni da sauran garuruwan Nijar, rufin kankare da yawa ba zubin bai-ɗaya ba ne. Ana zuba ƙananan bim a ƙasa, a ɗaga su a jera, a cike tsakaninsu da wani bulo mai rami da maginan can ke kira urdi, sannan a zuba ɗan siririn kankare a sama. Bulon shi ne mazubin, kuma yana zama cikin ginin. Ba a shimfiɗa falanki, layukan tokare kaɗan ake buƙata, rufin ya fi sauƙin nauyi, ramukan kuma suna rage zafin da ke ratsowa. Shi ma yana da ƙa'idojinsa, bim ɗin na buƙatar lissafin injiniya, ba a yin sa da ka. Amma abin tambaya ne a ce shanu da albasa da atamfa suna ƙetare wannan iyaka kowace Lahadi, ranar kasuwar Illela, dabarar gini kuwa ta kasa ƙetarowa. Mu mun gaji tsarin Ingila, su na Faransa, kowa ya riƙe nasa.

In muka koma baya ma, maginan Hausa sun daɗe da sanin yadda ake rufe ɗaki mai faɗi ba tare da mazubi ba. Bakan gizon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a ƙarni na 19, da azara aka miƙo shi daga bango hawa-hawa ana lulluɓewa da ƙasa, azarar tana zama a ciki. A Nijar kuma tun 1980, daga Cikal, aka fara koyar da gini marar katako, inda ake rufe ɗaki da tubali zalla a siffar baka ko tulluwa, dabarar da ta samo asali daga Nuba ta Masar. Ba ina cewa a bar kankare ba ne. Illela ma nan ce mafarin babban titin kankare mai kilomita 1,068 zuwa Badagiri da aka ƙaddamar a Oktoban 2024, kuma irin waɗannan tituna inji ne ke shimfiɗa su, yana jan mazubinsa na ƙarfe yana tafe. Kankare zai ƙaru a yankin nan, ba raguwa zai yi ba, kuma kowane shago da masauki da za a gina a bakin titin zai nemi nasa sandunan.

A shagunan ɗan'uwana dai ba mu samu akro ba, ba mu yi urdi ba. An ƙaro falanki goma sha biyu, an canza sandunan nan uku masu ƙari, an cire bulon gindi an sa katako, an gicciya ɗauri a tsakiya ta ɓangarori biyu. Baba kafinta ya yi aikin cikin rabin wuni, yana yi yana mita cewa 'yan boko sun cika tsoro. An yi zubi bayan sallar asuba, aka tare gefen dekin da yashi aka tsayar da ruwa a kai. Da aka kwana goma ya aiko a tambaye ni ko a cire sandunan, akwai wani aiki da ke jiransu a Illela. Na ce a ƙara kwana goma sha ɗaya, ɗan'uwana ya biya shi kuɗin jiran.